Zumar da Ta Girme Ni

Tun da na dawo daga Magarya ban huta ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har mai kayan miyan bakin layinmu ya tare ni wai da gaske ne an kama ni da giya a bakin iyaka. To ni Saude na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai gaba. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, mai tambaya in miƙa masa. Maganar giya kuwa ku kwantar da hankalinku, za mu zo wurin. Amma ku sani tun yanzu ban sha ba, wanka kawai na yi da ita.

Dole in fara da Kawu Ilu, domin tafiyar tasa ce, ni rakiya na yi. Wan mahaifiyata ne, tsohon malamin gona, ya yi ritaya yana zaune nan Kazaure. Wasu tsofaffin huluna suke tarawa, wasu tattabaru. Shi Kawu zuma yake tarawa. A ɗakinsa akwai kabad mai gilashi da kwaɗo, makullin kuma kullum yana aljihun 'yar cikinsa. Ga farar saƙa daga duwatsun Roni, ga ja ta furen ɗorawa daga wajen Gwiwa, ga wata mai ɗaci-ɗaci ta darbejiya da ya ce sai manya, ga baƙa wuluk da wani direba ya kawo masa daga Mambila. In ya ga dama ya ɗauko guda, ya ɗaga ta saitin taga, ya karkata kwalbar yana kallon yadda take gangarowa, ya shinshina, sannan ya tsoma tsinke ya ɗiga a harshe ya rufe ido. Sai ka ji ya ce, shekarar nan ruwa ya ɗauke da wuri. Mu da muka tashi a gidan iyakarmu lasar tsinken nan, shi ma sai ranar Sallah. In tari ya kama wani, matarsa Inna Laure kasuwa take aikawa a sayo zuma, don ta kabad ba ta tari ba ce.

Akwai abokiyar aikina Sista Rifkatu, mutuniyar Filato, da ta taɓa raka ni gaishe shi. Ta ga yadda yake yi, ta ce ai haka Turawa suke yi da giyar inabi, su ajiye ta shekaru a ɗakin ƙasa, su juya kofi, su shinshina, su faɗi gonar da ta fito. Kawu ya yi a'uzubillahi har sau biyu. Can kuma ya matso ya tambaye ta, su shekara nawa suke iya ajiyewa. Da ta faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya ce ashe ta wani wajen suna da hankali.

To a tsakiyar kabad ɗin nan akwai sarauniyarsu. Kwalba ce da aka ɗinke da jar fata, aka toshe bakinta da kakin zuma, ba a taɓa buɗe ta ba. Tun ina yarinya in na shiga ɗakin sai Kawu ya ce in gaishe ta, yayata ce, kuma ba ƙarya ya yi ba, ta girme ni. Wanda ya ba shi ita Malam Isuhu ne, mutumin wani ƙauye kusa da Magarya a Nijar, mai kiwon zuma. Lokacin da Kawu yake saurayi yana aiki a Babura, Malam Isuhu yana kawo zuma kasuwa, a nan suka ƙulla abota har tabarma ɗaya suke kwana. Ranar da aka yi wa Kawu canjin wurin aiki ya ba shi kwalbar nan. Da farko gaisuwa tana zuwa ta bakin 'yan kasuwa, sannu a hankali ta ragu, daga baya ta ɗauke ɗif. Kawu bai san laifin da ya yi ba, kuma abin yana cin sa, don in aka ambaci sunan sai ya kama gyaran hula.

Bana wani mai sayen hatsi a Babura ya gaya masa idon Malam Isuhu ya tafi, jikin ma sai a hankali. Ranar Kawu bai ci tuwo ba. Ya ce zai kai masa kwalbar nan ya ɗora masa a hannu, ya shafa kakin da kansa ya ji ko ƙwarzane babu, ya san duk shekarun nan bai taɓa wulaƙanta shi ba, sannan su buɗe su sha tare kafin ɗayansu ya riga ɗaya. Ni aka zaɓa rakiya saboda aikin jinya nake, shi kuma yana da hawan jini ga ƙin shan magani. Maigidana ya ce in je, amma in kula da yayata.

Inna Laure ta ce ba za mu je gidan mutane da goro da sabulu kaɗai ba. Ta dama ruwan zuma da citta da kanumfari da lemon tsami, ta cika jarka fal, ta ɗaure murfin tam. Sai kuma tafiyar ta ɗaga, wai mai wanki bai kawo babbar rigar Kawu ba, shi kuwa ba zai je gaban Isuhu da wata ba. Jarka ta zauna a kicin tana jiran riga. Ku riƙe jarkar nan a ranku.

A tasha Kawu ya kama gidan gaba shi kaɗai, shi da kwalba, ya naɗe ta da tsohon rawani ya rungume. Ni aka cusa ni baya tsakanin wata mata mai buhun gyaɗa da wani bawan Allah da ya fara barci tun kafin a tada mota. Duk ramin da direba ya faɗa sai in ji Kawu ya ce sannu. Na amsa sau biyu kafin na gane ba da ni yake ba. Wajen 'Yankwashi matar nan ta kasa haƙuri, ta raɗa mini wai jinjiri ne ko rubutun sha. Na ce zuma ce. Ta dube ni, ta dubi ƙeyar Kawu, ta ce Allah ya ba shi lafiya.

A Kanya Babba muka tsaya sauke fasinja, tsautsayi ya kawo wani mai tallar zuma tagar Kawu. Wayyo, da ya sani da ya wuce. Kawu ya karɓa, ya ɗaga ta ga rana, ya ɗiga a farce, ya ce wannan ƙudan da ya yi ta a shagon sayar da suga yake kwana. Mai talla ya rantse, Kawu ya rantse, mutane suka taru, direba yana ta danna oda. Daga ƙarshe Kawu ya ba shi shawarar inda zai rataya amya in yana son ta gaskiya, suka rabu suna musabaha. Muka shiga Babura rana ta yi sanyi, motar iyaka ta riga ta tashi.

Gidan Yaya Talatu muka sauka, 'yar ƙanwar Inna Laure. Ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, irin wanda in ka ci sai ka nemi bango ka jingina. Kawu ya ƙi yarda a sa kwalba cikin kaya, da ita ya kwana a gefen filo. Jarka kuwa aka kai ta ɗakin ajiya mai rufin kwano, wanda ya wuni yana shan rana. Da safe na ga ta yi ciki, ta kumbura har gindinta ba ya zama daidai a ƙasa. Ni da ake kira malamar asibiti, wallahi abin da na ce a raina shi ne robar yanzu ba ta da ƙwari. Muka canji sefa a bakin tasha, na miƙa kuɗi dam aka miƙo mini 'yan takardu kamar an yi mini rowa, muka hau wata tsohuwar mota da ƙofarta igiya ke riƙe da ita.

Ɓangarenmu na iyaka ba a daɗe ba. Da muka tsallaka aka ce kowa ya sauko. Jandarman da ya zo kanmu dogo ne siriri, kakinsa ya sha guga, ya fara da Faransanci, da ya ga mun yi zuru sai ya juya Hausa, irin tasu mai lahiya lau. Ya duba katin shaida da katin allura, sannan ya nuna rawanin da ke ƙirjin Kawu. Kawu ya kwance a hankali ya fara ba shi tarihi tun daga kasuwar Babura. Jandarma ya ce a buɗe ya gani. Kawu ya ce, ranka ya daɗe, gara ka mai da ni Kazaure a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan tafiya ta ƙare a nan. Amma mutumin kirki ne, ya kai kakin hancinsa, ya ce kakansa ma yana da amya, ya mayar masa da hannu biyu.

Sai ya juyo kan jarkata. Ni kuma daɗi ya kama ni an tsallake babban, bakina har kunne na ce ruwan zuma ne na gida, bari ma in zuba masa ya ɗanɗana. Na durƙusa, na matse jarka tsakanin gwiwoyina, na murɗa murfi.

Jama'a, ƙarar da ta yi sai da wani mai kura ya kwanta a ƙasa. Murfi ya yi sama, ban sake ganinsa ba har yau. Kumfa ta taso ta wanke mini fuska, ta bi hijabi, ta shiga kunne, ragowar ta sauka a kan kakin nan mai guga. Sannan wari ya biyo baya. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan gidan burkutu ya san warin da nake nufi. Wani dattijo cikin fasinjoji ya ja carbinsa ya ce, "Innalillahi. Hajiya, da girmanki."

Na waiga neman Kawu ya cece ni, sai na hango shi can nesa ya ɗaga kwalba sama da kansa kamar mai ƙetare kogi. Da ya tabbata ba abin da ya taɓa ta, ya matso ya shinshina hijabina, ya ce wa jandarma ai ga irinta nan, zumar kasuwa ce, ta kirki ba za ta yi wannan rashin mutuncin ba. Jandarma ya dubi rigarsa, ya dube ni ina ɗigar kumfa ina rantse-rantse, sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa mota. Ya kira abokan aikinsa su ma su zo su gani. Aka tuttular da sauran a rairayi, aka ba ni ruwa a buta na wanke fuska, amma hijabi da zane sun riga sun sha. Daga nan har Magarya ba wanda ya yarda ya matse ni. Tunda nake shiga motar haya ban taɓa samun fili irin na ranar ba, sai dai ƙudan zuma biyu da suka raka ni har gari.

Magarya gari ne kamar namu, kuma ba kamar namu ba. Ɗan acaɓa a can kabu-kabu ne. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba komai, ya hau babur abinsa. Shayi kuwa ba irin namu na babban kofi da madara ba, ɗan mitsitsin kofi ne mai kumfa, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma in ka sha na farko ka tashi ka yi laifi, sai ka jira na biyu da na uku. Kawu ya zauna ya sha duka ukun a tasha yana yaba na ƙarshe, ni kuwa ina tsaye nesa da mutane saboda kunyar warina. Daga nan kabu-kabu biyu suka ɗauke mu cikin rairayi zuwa ƙauyen Malam Isuhu. Tun daga nesa na fara ganin amya rataye a kan gawo, na san mun zo.

Aka yi mana sallama da shi. Ya fito yana bin bango da hannu, dogon tsoho fari fat da furfura, ya rame, idanun a buɗe amma ba sa kallon kowa. Kawu ya ce, "Isuhu." Tsohon ya tsaya cak, ya ce, "Wannan muryar Ilu ce, ko kuwa kunnen ma ya fara yi mini ƙarya?" Kawu yana son hannu biyu ya rungume shi, sai ya miƙo mini kwalba a cikin rawaninta. In ban da ɗan lokacin da jandarma ya riƙe ta, karo na farko ke nan da ta bar jikinsa tun daga Kazaure. Ni kuwa kafin in share hawaye mata sun fito sun kwashe ni da kaya duka sun yi cikin gida da ni.

Uwargidan, Hajiya Habsu, gajeriya ce mai kuzari, bakinta ja da goro. Ta rungume ni, ta ɗan ja baya, ta sake matsowa ta shinshina. Na fara bayani, ta ce ba komai ɗiyata, kowa da jarabawarsa. Na ce wallahi ba haka ba ne. Matan gida suka fashe da dariya, aka tura ni bayan gida da bokiti da sabulu da zanen aro. Na ɗora rawanin Kawu a kan buhun tsaraba a ɗakin Hajiya, na ce minti kaɗan ne. Sai da na sa sabulu sau uku kafin na daina jin kaina kamar tukunyar burkutu.

A gidajenmu in baƙo ya kawo tsaraba a kan tura ta ƙarƙashin gado sai ya tafi. A can kuwa nan take ake kwancewa a raba wa maƙwabta, don kowa ya san an yi baƙi. Ina fitowa na tarar da goro ya kama hanya, sabulu ya kama hanya. A tsakar gida kuma ga wata ƙatuwar ƙwarya cike da fura da nono, su hura suke cewa, ga Hajiya Habsu a tsugune ta kife wata kwalba mai jar fata a kai tana bubbuga gindinta. Kakin yana gefe a ƙasa, an ɓare shi da wuƙa. Har ruwan ɗumi ta sa ta a ciki, wai ta daskare ta ƙi fitowa.

Na zauna daɓas a kan turmi. Na ce, Hajiya, kin kashe ni, kin kashe Kawu. Ko a jikinta. Ta ci gaba da damu tana cewa ta gane kwalbar tun kafin ta gama kwance rawanin, ai a gabanta Malam ya ɗinka fatar nan suna ango da amarya. Ta ce a wurinsu in mai amya ya ba ka zuma a mazubi, sha za ka yi da iyalinka, sannan ka tako da ƙafarka ka mayar masa da mazubin ba komai a ciki. Wannan ita ce godiyar, shi kuma ya sake cika maka, da haka ƙafa ba ta ɗaukewa tsakanin gida da gida. Ta ce shekara da shekaru duk ɗibar zuma sai Malam ya ware ta Ilu yana jiran kwalba, kwalba ba ta zo ba, har ya haƙura ya ce ko dai zumar ba ta yi masa ba, ko kuma ya zama babban ma'aikaci ya fi ƙarfinsu.

"Yanzu kuma a ɗora masa ita a hannu cike, ko buɗewa ba a yi ba?" in ji ta. "Bai ishe shi rashin ido ba, sai an mayar masa da kyautarsa?"

Na kwashe labarin kabad na gaya mata, da kwaɗon, da gaisuwar da nake yi wa kwalba tun ina yarinya, da yadda Kawu ya ce gara ya koma Kazaure a ƙasa. Ta saki ludayi, ta kama baki. Ta dubi ƙwarya, ta dube ni. Ta ce, "Au. To ɗiyata, an riga an dama."

Daidai nan muryar Kawu ta taso daga zaure, wai Saude ta kawo amanar nan.

Ban san yadda na kai kaina ba. Hajiya ta ɗauki ƙwarya, ni na ɗauki kwalba, ba nauyi ko kaɗan. Na durƙusa na miƙa wa Kawu. Yana karɓa ya ji, fuskarsa ta canja, ni har na fara tunanin a wace jaka na sa maganin hawan jinin. Kafin ya ce uffan Malam Isuhu ya miƙo hannu yana laluba, ya kama ta. Ya shafa fatar, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa, ya girgiza ta kusa da kunne. Sai fuskar tsohon nan ta washe gaba ɗaya.

"Ka shanye," ya ce. "Ilu, ashe ta yi maka daɗi. Ka daɗe ba ka kawo ba, amma ka kawo."

Kawu ya juyo wajena. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Hajiya Habsu ta yi maza ta tura ƙwarya tsakaninsu ta ce baƙi su jiƙa maƙoshi tukuna, ta sa wa kowa ludayi a hannu. Kawu ya kai baki don dai kada ya yi magana. Na ga ya tsaya, ya rufe ido yadda yake yi a gaban taga, na san ya gane. Malam Isuhu ma ya kurɓa. Ya riƙe a baki bai haɗiye ba, ya daɗe a haka, sannan ya ajiye ludayin a hankali.

Ya ce wannan zumar kurnar bakin tsohuwar rijiya ce. Ya ce kurnar nan iska ta kayar da ita tun 'ya'yansa suna ƙanana, kuma tun daga ranar bai sake jin wannan ɗanɗanon a bakinsa ba, har ya fitar da rai zai sake ji a duniya. Ya juya fuskarsa wajen da Kawu yake.

"Ilu, ashe ba ka sha ba."

Kawu ya ce, "Jira nake mu sha tare."

Hawaye suka bi furfurar Malam Isuhu. Sai kuma ya lalubo ludayinsa ya ce, "To ai ga shi muna sha. Matso da ƙwaryar, kada Habsu ta ce mun raina damunta."

Daga nan kuma sai dariya, su biyun suna kuka suna dariya suna zagin juna. Malam Isuhu ya ce tunda yake bai taɓa ganin wawan da aka ba abin sha ya sa masa kwaɗo ba. Kawu ya ce da bai sa kwaɗon ba da yau wa zai dawo masa da kurnarsa. Malam ya aika a kira tsofaffin unguwa waɗanda suka san itacen, suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kurɓa sai ya ce ƙwarai ita ce, ya kama ba da labarin wanda ya faɗo daga kanta ko wadda aka yi zance da ita a gindinta. Aka rage mana a ƙaramar ƙwarya muka sha a cikin gida. Kuna ta tambayata yaya ɗanɗanonta. Ni ba Kawu ba ce, ban iya faɗin ruwan shekara ba. Na dai ji zaƙin ba mai hawa kai ba ne, akwai ɗan ƙamshin hayaƙi, kuma bayan ka haɗiye tana nan a maƙoshi ba ta tafi ba. Na sha yayata, kuma wallahi ban ji kunya ba.

Mun yi 'yan kwanaki a can. Na ci dambun zogale da ƙuli har na ƙoshi, na koyi zama har shayi na uku, matan gida kuma suka laƙaba mini Hajiya Mai Jarka, sunan da nake roƙonku kada ya bi ni asibiti. Kullum da hantsi tsofaffin biyu suna zaure da 'yan kwanoni a gabansu, wannan ta gawo ce, wannan ta aduwa, suna musu kamar yara. Ranar da za mu taho Malam Isuhu ya cika kwalbar da hannunsa, bai zubar da ko ɗigo ba. Da Kawu ya nemi kaki a toshe, sai ya ce babu, ya yanko totuwar masara ya cusa mata. Ya ce shi ba shi da wasu shekarun jira, in Ilu yana son ya same shi to ya yi sauri ya shanye.

Ba mu bar tashar Magarya ba sai da Kawu ya zare totuwar nan. Direba ya lasa, fasinjoji suka lasa. A iyaka muka sake samun jandarman nan, yana hango ni ya ja da baya yana kare rigarsa da hannu, shi ma aka ɗiga masa a burodi.

Yanzu in kun je gidan Kawu za ku ga kabad ba kwaɗo. Ranar Juma'a bayan la'asar ana shimfiɗa tabarma, a ɗauko kwalba guda, duk wanda ya zo a ba shi, har Sista Rifkatu ta je ta juya kofi ta shinshina ta ce ta Gwiwa ta fi. Kwanan baya Inna Laure ta yi tari, Kawu da kansa ya kawo mata farar saƙar Roni, a cokali, ba a tsinke ba, ita kuma don mamaki tarin ma ya tsaya. Jiya na biya in auna masa jini, na same shi ya kife kwalbar jar fata a kan kofi yana jiran ɗigon ƙarshe ya sauko. Babbar rigar kuwa tun shekaranjiya ya aika da ita wurin mai wanki, ya ce wannan karon a yi masa sauri.